Ranar da Aka Zuba wa Tafkin Mbamoi Magani

Har yau ban manta da ranar da shugabana ya kira ni ofis kan wani tafki a Mbamoi ba. Lokacin ina matsakaicin jami'in duba-gari, a ƙarshen daminar da mutanen Borno da arewacin jiharmu suka yi ta gudowa Yola. An sauke wasu iyalai a wata makaranta da ke gab da tafkin, sauro kuwa ya dame su.

A ƙa'idar aikinmu, kafin a zuba magani a ruwa sai jami'i ya je ya ga abin da ke rayuwa a ciki. Na je. Na tarar da tarwaɗa da ƙananan kifaye da kwaɗi, ga balbela a bakin ruwa. Wani dattijo cikin 'yan gudun hijirar, Baba Modu, masunci ne tun a garinsu, ya ce da kifin nan yake ciyar da jikokinsa.

Ku sababbin duba-gari da kuka shigo aiki yanzu, abin da ake kira sarƙar abinci ke nan. Kifi yana cin tsutsar sauro, balbela tana cin kifi da kwaɗo, mutum ma yana cin kifin. Tafkin mazauninsu ne duka. Na bayar da shawarar a bar shi, a cike ramukan da ruwa ke kwanciya a harabar makarantar, a raba gidan sauro.

Shugaban ya ce manyan baƙi na tafe, kuma feshin magani ne abin da ido ke gani. Na tuna masa cewa shi da kansa ya koya mana wannan darasi a kwas.

"Malam Haruna, wancan aji ne," in ji shi. "Nan ofis ne."

Na ƙi sa hannu a takardar izini, sai ya tura wasu suka zuba maganin. Da na koma washegari, kifi ya taso saman ruwa fari fat, kwaɗi sun mutu, wari ya cika wurin. Yara sun riga sun tsinci kifin an dafa. Jikar Baba Modu sai da aka kwantar da ita a asibiti a Jimeta, da ikon Allah ta tashi. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, mun gudo daga bindiga. Wannan kuma wa ya aiko shi?"

Ba a daɗe ba sauro ya dawo ya ninka na da, tunda babu sauran mai cin tsutsarsa. A taron ofis kuma shugaban ya ce ƙazantar 'yan gudun hijira ce ta jawo. Wannan magana ta fi feshin ƙona mini rai, na kuwa faɗa masa a gaban kowa. A watan aka mayar da ni duba mahauta.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba rashin sani ke yawan kashe ruwa ba. Wanda ya sani ne, amma ya tabbata ba 'ya'yansa za su ci kifin ba.