Kabewar Malam a Cikin Masara

Tun da aka kawo ni gidan Malam, mijina, ban taɓa ganin masararsa ita kaɗai a gona ba. Kullum da kabewa a tsakaninta, irin da ya gada wajen mahaifiyarsa, mai dogon wuya da jan ciki. Idan na kai masa fura lokacin noman firi, sai in tarar fartanyarsa tana sare harƙiya tana kewaye kabewa kamar mai ido.

Ya rasu da rani. Har yau idan hadari ya haɗo ta bayan duwatsun Limawa, sai in ji kamar zai yi gyaran murya a zaure. Ba na ɓoye kukana.

Daminar farko babu shi, na zazzage ɗan irin kabewar da ya bari a cikin gora, na shuka rabi. Masara ta yi ganye huɗu, ciyawa ta taso mata. Babban ɗana ma'aikaci ne a Dutse, ba shi da lokacin duƙawa. Ya zo da kwalbar maganin ciyawa da injin feshi.

“Inna, wannan mai zaɓe ne. Ciyawa yake kashewa, ba ya taɓa masara.”

Na ce, “To, Allah ya yi albarka.” Ban tambaye shi kabewa ba, shi ma bai tuna ba.

Maganin ya yi aikinsa. Bayan kwana goma gona ta yi fes, masara shar, maƙwabta suna yabo. Kabewa kuwa ta yi rawaya, ta nannaɗe, ta bi harƙiya.

Bana na shuka ragowar, ƙwaya tara. Ranar feshi na riga shi isa gona da tsofaffin ƙorai, na kifa ɗaya a kan kowane tsiron kabewa.

“Inna, talla za ki yi wa masara?”

“Yi feshinka, sarkin gaggawa. Ka dai kauce wa ƙoraina.”

Da ya gane kabewar ubansa ce a ƙarƙashinsu, dariya ta tsaya masa. Ya ajiye injin, ya ɗauko fartanyar ubansa, ya nome gefen kowace ƙwarya da hannu, a karkace, kamar mai koyo.

Uku suka rayu. Ɗaya ta yi ɗiya, ga ta can ƙarƙashin gadona. Ban fasa ta ba tukuna. Kowace shekara Malam ne yake fasa ta farko, ni in riƙe masa kwano.