Ni Na Haɗa Ruwan Da Ya Ƙona Maƙogwaron Ɗalibata

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da shida, ina zaune a gidanmu a Kwararafa, da takardar difloma ta harkar kasuwanci wadda ta kasa samo mini aiki ko na gadi. Kullum ina rumfar yayana a kasuwar Terminus ina taya shi sayar da takalma, ina gwada wa mutane a ƙafa, abokan karatuna suna wucewa ina sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Na gaji da zaman nan matuƙa, kuma ni mutum ne mai son a ce da shi wani ne. Wannan halin nawa shi ya kai ni ya baro.

Wata rana wani maƙwabcinmu ya ce wata makarantar kuɗi a wajen Gada Biyu tana neman malami ido rufe. Na je da niyyar koyar da kasuwanci, sai mai makarantar, wadda kowa ke kira Madam, ta ce wannan gurbin a cike yake, malamin Kemistiri ne ya ajiye aiki ya tafi Abuja, wata biyu 'yan ajin ƙarshe suna zaune babu kowa. Ta duba sakamakona na sakandare ta ga na tsallake darasin da ƙyar, ta ce ai shi ke nan. Na gaya mata ban taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje na yi wani abu da hannuna ba, domin mu ma a allo aka zana mana komai. Ta yi dariya ta ce malaman kimiyya yanzu ko da fitila ba a samun su, ni dai in riƙa karanta babi ɗaya gaba da yara, sauran Allah zai rufa asiri. Washegari na ɗaura lakataye na shiga aji, yara suka miƙe suna gaishe ni da Ankul, yadda suke kiran malamai maza, kaina ya kumbura.

A ajin akwai wata yarinya, 'yar wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya koma noman dankali. Burinta ɗaya ne, ta shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma sai ta ci Kemistiri za a ɗauke ta. Tun makon farko na gane ta fi ni sanin darasin. Maimakon in ji kunya, sai na mayar da ita garkuwata. Duk tambayar da ta gagare ni sai in ce ta fito ta nuna wa 'yan'uwanta, ni kuma in tsaya gefe ina gyaɗa kai kamar na san inda aka dosa. Ita a zatonta ƙarfafa mata gwiwa nake yi. Har mahaifinta ya taɓa aiko mini da buhun dankali, wai godiya ce saboda yadda nake kula da 'yarsa, na karɓa ba kunya.

Saura kwana goma jarrabawar ƙarshe, Madam ta ce dole yara su gwada aikin hannu ko sau ɗaya kafin ranar. Aikin shi ne a zuƙo wani ruwan sinadari da baki ta cikin siririn bututun gilashi har ya kai wani layi, a zuba a kwalba, a riƙa ɗiga masa wani ruwan har launinsa ya canja. Ruwan da ake zuƙowa soda ce, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, amma ana sa 'yar kaɗan ƙwarai a ruwa mai yawa, a auna ta a ma'auni. Malami ne ke haɗawa. Na buɗe kabad na tarar da ma'aunin, na juya shi, na juya shi, ban san yadda ake aiki da shi ba. Akwai wani malamin kimiyya a makarantar gwamnati da ke kusa da mu, tafiyar minti biyar, da na je na tambaye shi da ya nuna mini. Amma sai na ce idan na tambaya labari zai koma kunnen Madam da iyayen yara. Na ɗauki cokali na riƙa ɗibar sodar ina zubawa da ka, har na ƙara cokali biyu a kai, a tunanina idan ta yi ƙarfi launin zai fi fitowa da kyau. Da na ji kwalbar ta ɗauki zafi a hannuna na sha jinin jikina, amma na share.

Da hantsi yara suka taru. Ya kamata ni in fara nunawa, amma ban iya ba, don haka kamar kullum na kira yarinyar nan, tunda ta taɓa ganin tsohon malaminsu yana yi. Ta sa bututun a baki ta zuƙa. Bakin bututun na ƙasa ya fito daga cikin ruwan, iska ta shiga, ruwan ya taho gaba ɗaya ya cika mata baki, ta haɗiye wani. Edita, ƙarar da ta yi ba zan iya kwatanta ta ba. Ta riƙe wuya ta durƙushe, leɓɓanta suka yi fari. Yara suka juyo suna kallona, suna ihu Ankul me za mu yi, ni kuwa babu komai a kaina. Abin da na tuna kawai shi ne a unguwa idan yaro ya sha guba manja ake ɗura masa ya amayar. Na ruga wajen mai abincin makaranta na karɓo manja, na ɗura mata da hannuna, ta yi ta amai. A asibiti likita ya tambayi wa ya ba ta manja, na ce ni ne. Ya dube ni ya ce sodar ta ƙona ta wajen shiga, aman da na sa ta ya sake ƙona ta wajen fita.

Madam ta ja ni gefe ta ce in rufe bakina, a ce yarinya ce ta yi gaggawa, in ba haka ba makaranta za a rufe, ni kuma 'yan sanda su ɗauke ni. Na bi maganarta. Kwana huɗu ina zuwa asibitin ina tsayawa a baranda, na kasa shiga, na kasa cin abinci, ina jin ana cewa ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Na roƙi Allah Ya ɗauki raina Ya bar mata lafiyarta. A rana ta biyar mahaifinta ya fito ya same ni. Na zata zai shaƙe ni, sai ya dafa kafaɗata ya kira ni ɗansa, ya ce in daina damun kaina, 'yarsa ta rubuta masa a takarda cewa laifinta ne, kada a kori Ankul. Na durƙusa na ce Baba ba laifinta ba ne, na gaya masa komai, cokalin, manjan, da cewa ni ban taɓa karanta abin da nake koyarwa ba. Ya janye hannunsa ya tambaye ni ko yara nawa ne a layin zuƙar ruwan bayan 'yarsa. Na ce talatin da ɗaya. Ya ce to in gode wa Allah tasa ce a gaba, ya koma ciki. Bai kai ni ƙara ba, kuma bai sake yi mini magana ba.

Ba ta zauna jarrabawar ba. An yi mata aiki sau biyu, kuma labarin da ke iso mini shi ne har yau kunu da abinci mai ruwa-ruwa kawai ke wuce mata. Ni tun ranar ban sake riƙe alli ba.

Kwanan nan ina jin ana muhawara a rediyo, wasu na cewa tunda malamai sun yi ƙaranci a sassauta sharaɗi, duk wanda ya ɗan yi karatu a ba shi aji, wai ya fi a bar yara haka. Na san ƙarancin gaskiya ne, na gan shi da idona. Amma ina roƙon masu makarantu da hukuma, in za ku ɗauki irina, ku horar da shi tukuna, ku haɗa shi da wanda ya sani. Iyaye, ku tambayi abin da malamin ɗanku ya karanta, ba rashin kunya ba ne. Kai kuma ɗan'uwana da zaman banza ya ishe ka, idan aka miƙo maka abin da ba ka iya ba, ka buɗe baki ka ce ba ka iya ba. Wata biyu yaran nan suka yi babu malami, kuma kowannensu ya koma gida lafiya. Sai da na zo.