Kunnen Ja-Baya

Ja-Baya ake ce masa, domin a bakin aiki babu kalmar da ta fi fita daga bakinsa kamar wannan. Da zarar ya tayar da inji, ko mai gidan da ya kira shi ne ya matso, sai ya ji an daka masa tsawa: "Ja baya!" Sunan ya bi shi har cikin gida. Matarsa ma in ta so tsokana, takan ajiye masa kwanon abinci ta ce, "To, ni dai na ja baya."

Asalinsa kafinta ne. Ya daɗe yana ƙorafin cewa masu yanka katako ba su san darajar itace ba, har rannan ya gaji da mita, ya sayar da filin da ya gada, ya sayi injin yanka katako irin wanda ake kwancewa a loda a bayan mota a kai shi inda itacen yake. Dogayen ƙarafuna biyu ake shimfiɗawa kamar layin dogo, injin ya hau kansu, a ƙarƙashinsa faifan zarto mai haƙora. Sai ya tura shi gaba faifan yana kwance, in ya kai ƙarshe ya juya faifan ya miƙe tsaye, ya jawo shi baya, katako ya fita tas. Ƙanensa, direba ne magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ke jan motar, shi ke kwashe katakon da aka yanka.

Manyan gumagumai ba su taɓa ba shi tsoro ba, nauyinsu ya isa ya zaunar da su. Ƙanana ne abin shakkarsa, waɗanda kaurinsu bai wuce cinyar mutum ba. Yakan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙaramin gungume ba shi da nauyi, in ya ɗan motsa haƙorin zarto zai cafke shi ya yi jifa da shi. Don haka yakan ɗora shi a kan katako biyu, ya tokare shi dama da hagu, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan. Sauran aikin kuwa kunnensa ke yi. Da gungume ya fara sakin jiki, ƙarar faifan takan canza, shi kuma ya tsaya cak tun kafin ido ya ga wani abu. Saboda haka ne da ƙanen ya sayo masa abin toshe kunne, ya rataye shi a ƙusa ya ce, "Ka taɓa ganin makaho ya toshe kunne zai tsallaka titi?"

Haka suka yi shekara goma sha takwas babu wanda ya ko ƙwarzane.

Matarsa ce ta fara lura. Rediyonsa ya koma cika gida, baƙo ya yi sallama sau uku yana zaune bai amsa ba. Da ta yi magana ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Ƙanen ya yi dariya ya ce mata, "Rabu da Yaya, abin da ya ga dama yake ji." Shi kuwa a ransa ya san kukan tsuntsayen da ke tashinsa da safe ya daɗe da ɓacewa, amma bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya wani tsohon malamin makaranta ya kira su. Ya sare ƙananan itatuwan da ke bakin katangarsa, yana son katakon rufin ɗakin kaji. Sun yanka guda shida lafiya. A na bakwai, matokari ɗaya ya zame. Ƙanen da ke gefe ya ji ƙarar ta canza, ya ɗaga murya har sau biyu, "Yaya, tsaya!" Ja-Baya ya ci gaba da turawa, idonsa na kan layin yanka. Sai ji aka yi ƙwaram! Gungumen ya tashi sama, ya wuce ta gefen kafaɗar ƙanen, ya daki durom ɗin ruwa ya lotsa shi. Ruwa ya malale tsakar gida.

Ja-Baya ya kashe inji. Tsohon malamin yana ta salati yana cewa tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba. Shi bai ko dube shi ba, ƙanensa yake kallo.

"Ka yi magana?" ya tambaya.

Ƙanen ya sunkuyar da kai. "Sau biyu, Yaya."

Ja-Baya ya juya. Ya je ya shafa inda ƙarfen durom ɗin ya lotsa, ya auna tsayin wurin da ƙirjin ƙanensa, ya tuna 'ya'ya biyar ɗin nan da ke kiransa Baba Babba. Ranar a nan aka tashi aiki.

Da ya je a duba kunnensa, likita bai ɓoye masa ba: jin da ya tafi ya tafi, sai dai a tattala saura. Mako biyu Ja-Baya bai fita ba. Ya buɗe tsohon shagonsa na kafinta, ya kaɗe ƙura, ya ɗauko wasu katakai masu kauri ya sassaƙa musu kwarmi yadda gungume zai zauna a ciki ba ya mirginawa. Ya kai wa mai walda zane ya ƙera masa ƙarafunan ɗaurewa. Ya kuma ja waya daga makashin injin zuwa inda mai kwashe katako ke tsayawa, yadda shi ma zai iya kashewa. Abin toshe kunnen nan ya sauko daga ƙusa, ya sayo na biyu.

Abin da ya fi yi masa wuya shi ne na ƙarshe. Ranar da suka koma gidan malamin, ya ɗaure gungume, ya girgiza shi da ƙafa, sannan ya matsa gefe ya nuna wa ƙanensa mariƙin injin.

"Ni, Yaya?"

"Da ni da kai wa ya ji rannan? Kama. Kaɗan-kaɗan za ka ci, ba tsere muke ba."

Katakon farko ya fito a ɗan karkace. Ja-Baya ya ɗaga shi ya kanne ido ɗaya ya duba, bakinsa ya motsa kamar zai yi faɗa, sai ya ce, "Kaji ba za su kai ƙara ba. Yanka wani."

Yanzu manyan gumagumai kaɗai yake yankawa da hannunsa, su ma ƙanen na riƙe da waya. A gida kuwa matarsa ta daina ƙwala masa kira daga madafa. Takan zo ta taɓa kafaɗarsa, ta jawo kujera ta zauna a gabansa, don ya fi fahimtar magana in yana kallon bakin mai yin ta. Rannan tana ba shi labarin rigimar maƙwabta, ta ga ya zuba mata ido yana murmushi.

"Kana ji na kuwa, Malam?"

"Rabi-rabi," in ji shi. "Shekara talatin muna tare, ashe ban san kina da ɗan tabo a haɓa ba."

Ta kai hannu ta taɓa wurin, ta yi tsaki tana dariya, sannan ta sake faro labarin daga farko, a hankali.