Takarda Goma Daga Gyadi-Gyadi Zuwa Hotoro

Gyadi-Gyadi, shida da minti ashirin na safe

Fari fat ya fito. Mai adaidaita ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Inna, an cuce ki. Ba kowa a ciki."

Na ce, "Tsaya daidai, ƙila kai ne ka motsa." Na sake dannawa. Fari. Na ƙara. Fari.

Kyamarar nan jikata ce ta kawo min, irin mai tofo hoto nan take. Ta san marigayi maigidana mai hoto ne, ni ke wanke masa fim a ɗakin duhu shekara goma sha tara. Ta ce in koma ga abin da hannuna ya sani. Takarda goma ce kacal a cikinta, shi ya sa ban gwada ba sai yau a hanya. Kuma ba yawo na fito ba. Aminiyata Ladidi ta Hotoro, gobe ɗanta zai tattara ta zuwa Fatakwal gaba ɗaya. Shekararmu hamsin tare, ba ni da hotonta ko ɗaya. Na waya ba ta yarda, wai iska ne.

Muna cikin tsine wa mai shagon da ya sayar wa jikata sai direban ya yi salati. Ga shi yana ɓullowa a kan cinyata, sau uku, da haƙoransa duka. Ashe jira ake yi. Ya kwashe ukun: ɗaya na uwarsa a Gaya, ɗaya na matarsa, ɗaya ya maƙala a gilashi. Na ce, "Ni fa?" Ya ce, "Haba Inna, ina za ki kai fuskar ƙato?" Saura bakwai.

Kasuwar Tarauni, bakwai saura kwata

Masu ba da hannu su biyu suka tsayar da mu. Dogon ya leƙo ya ce, "Hajiya, 'yar jarida ce?" Na ce, "Ka taɓa ganin 'yar jarida da goro a baki?" Ya yi dariya, ya gyara hula, gajeren ya zo ya tsaya kusa da shi. Na ɗauka. Hoto ɗaya, mutum biyu. Suka kama gardamar wa zai riƙe, motoci sun jeru har bayan masu kayan miya suna ta ham. Don a buɗe hanya na sake ɗauka. Saura biyar.

Nan na gane matsalar abin. Na maigidana akwai fim, a wanke goma a raba wa kowa. Wannan guda take haifa, kuma mai fuska ba ya barin ka tafi da fuskarsa.

Daurawa, bakwai da rabi

Ba a wuce ƙofar dangin miji ba a gaisa ba, ko mijin ya rasu. Na shiga wajen ƙanwarsa Hansai da niyyar minti biyar. Ta kawo waina da miyar taushe, miyar gishiri ya yi yawa, na faɗa mata. Da ta ga kyamara ta shige ɗaki. Minti arba'in na ƙirga a agogona. Ta fito da leshi da sarƙa, ta rungumo fulas ɗin da ta sayo a Makka, ta zauna ta ɗaure fuska kamar yadda muke yi a da.

Na farko ta rufe ido. Na biyu ya yi kyau. Na miƙa hannu in ɗauki na farkon, ta riga ni. "Yaya, so kike ki nuna wa mutane ina gyangyaɗi?" Ta tura duka cikin kwalla. Saura uku.

Unguwa Uku, goma daidai

Na rantse ba wanda zai ƙara ganinta. Na cusa ta a jaka, na rufa hijabi a kai. A wani adaidaitan wata mata mai jiki ta shigo da buhun zogale, ta zauna rabi a kujera rabi a kan jakata. Sai muka ji zuuu. Ta zabura tana a'uzubillahi, wai maciji. Na manta ban kashe ba. Hoton carbina ne da kwalbar man zafi, kuma sun fito ras. Shi ne na farko da ba wanda ya ƙwace min. Saura biyu. Na ce alhamdulillahi, ɗaya nata ɗaya nawa.

Hotoro, sha ɗaya da kwata

Na tarar an ɗaure kaya, har keken ɗinkinta an naɗe shi a buhu. Ladidi na zaune a tabarma, ta ce, "Kande, sai yanzu? Na ɗauka kin mutu a hanya."

"Da na mutu ai da kin fasa tafiyar."

"Ko kusa. In yi miki addu'a a mota."

Ɗan nata, wanda ake ce wa Injiniya, ya karɓi kyamarar wai zai duba mana ingancinta. Kafin in ce kul, zuuu. Fankar silin. Na ce, "Da digirinka?" Uwarsa ta kore shi waje.

Saura ɗaya. Na ce ta zauna bakin ƙofa inda haske yake, ta ce ita ba za ta shiga takarda ita kaɗai ba kamar hoton sanarwar rasuwa. Dole na kira matar Injiniya, na nuna mata inda za ta tsaya da inda za ta danna, na ce in ta girgiza sai na kai ƙararta gidansu. Na zauna na dafa Ladidi. Muka ɗaure fuska.

Muka sa takardar a tsakaninmu muna jira. Gyalenta ya fara fitowa, sannan idanu.

Ta ce, "To, na gode," ta ɗauke.

Na ce, "Ladidi, tun asuba nake hanya."

"Fuskata ce."

"Tawa ma tana ciki!"

Ta dube ni, ta dubi hoton. Ta jawo jakar zarenta ta zaro almakashi. Na yi ihu, ta ce in rufe mata baki, shekara arba'in tana yanka atamfa ba ta taɓa karkacewa ba. Ƙyat, ta raba shi biyu. Na kai hannu ga ɓangarena, ta buge hannun.

"Me za ki yi da wannan mummunar fuskar? Ba ki da madubi?" Ta miƙo min nata, ta soke nawa a bakin zani.

Muka ci dambu, muka yi azahar, ba mu ƙara zancen Fatakwal ba.

Gida, huɗu da rabi

Na juye jaka a kan gado: carbi da man zafi, fanka, rabin hoto. Na maƙala Ladidi a jikin firam ɗin hoton maigidana. Sai da na sa tabarau na ga hannuna yana nan a kan kafaɗarta, almakashin bai kai wajen ba.