Rabi Nan, Rabi Can: Ranar da Baba Ya Zuba Mu a Jirgi Ɗaya

Ina shago a unguwar Bagdadiyya ta Jidda bayan azahar sai na ga sunan Yaya Usman a wayata. Na daɗe ina kallonta tana ruri, don shekaru muka yi ni da yayana ba ma kiran juna, kuma har yanzu abin da ya fara zuwa raina shi ne: me yake nema? Da na ɗauka, bai yi sallama ba. Ya ce, "Hamza, halas. Baba ya cika." Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Mahaifinmu, Alhaji Haruna mai gyaran keken ɗinki na unguwar Sa'alaba, ya riga mu gidan gaskiya.

Duk wanda ya zauna da Baba ya san ba ya karɓar magana da ka. In ka kawo masa keke ka ce allura kawai yake karyawa, sai ya kwance shi kaf kafin ya yarda. In ka ba shi labari, zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "Wa ya ce? Ya gani da idonsa?" Mutane suna yi masa dariya, amma maƙwabta da yawa sun tsira da fasfonsu don ya hana su miƙa shi ga dillalan da ke alkawarin gyaran iƙama, wato takardar zama, da sabon kafili, ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo. Bai taɓa zargin mutum a bayan idonsa ba, a fuska yake gaya maka, sannan ya zuba maka shayi.

Akwai wata ɗabi'a tasa da muka tashi da ita ba mu san dalilinta ba. Baba ba ya haɗa iyalinsa a mota ɗaya. Ko Makka za mu, ko gidan biki a unguwar da ke kusa, sai an tsayar da tasi biyu, ya ce, "Rabi nan, rabi can." Yaya Usman kullum yana tare da Baba, ni kullum ina tare da Inna. Na girma ina zargin ya zaɓi ɗan da yake so ya bar mini kujerar baya. Ba mu taɓa faɗa da Yaya ba, amma da Inna ta rasu sai muka ga babu abin da ya haɗa mu. Na koma unguwar Aziziyya, gaisuwa ta koma saƙon waya ranar Sallah, har auren ɗansa a bakin maƙwabta na fara ji. Abin ya yi mini ciwo, kuma kowa ya san ranar da Baba ya faɗi, gidan nan ya rabu ke nan.

A lokacin sanyin da ya wuce aka yi bikin teku a Kornish, wurin shan iska na bakin ruwa, aka kawo wani tsohon jirgin katako mai dogayen sanduna da manyan ƙyallaye, irin wanda iska ke turawa, ana ɗaukar mutane yawon yini. Baba ya aiko jikarsa ta gaya mini ya sayi tikiti, kuma da ni da Yaya da matanmu da 'ya'yanmu duk za mu shiga. Ban yarda ba. Mutumin da ko kifi ba ya zuwa saye bakin ruwa, shi ne zai zuba zuriyarsa kaf a kan teku? Na ce wa matata wannan shirin Yaya ne, akwai abin da yake so a faɗa a gaban tsoho inda babu hanyar tashi a fita. Na je dai, amma da shirina.

A bakin jirgin Baba bai canza hali ba. Ya ƙwanƙwasa katako da sandarsa, ya ja igiya, ya shinshina ta. Ma'aikacin da ke raba rigunan ceto ya ce masa jirgin ya girmi kowa a wurin, Baba ya tambaye shi ko shi ne ya sassaƙa shi. Ya kuma rantse akwai inji a ɓoye a ƙasa, ƙyallayen ado ne kawai. Yara suna ta dariya. Ni kuwa idona yana kan Yaya, shi ma nasa yana kaina, kowa ya kama gefensa da iyalinsa.

Da muka yi nisa aka kashe injin, wanda ashe akwai shi ɗin, aka saki ƙyallayen, iska ta cika su. Jirgin ya karkata, katako ya fara kuka, gine-ginen Jidda suka ƙanƙance a bayanmu. Sai Baba ya ɗaga sandarsa. Ya yafito mu, ni da Yaya, ya sa muka zauna a gabansa.

Ya ce yana yaro suka taso daga Sudan za su ƙetaro nan Jidda, kuma a tashar jiragen ruwa ta Sawakin babansa ya raba su a sambuk biyu, wato ƙananan jiragen iska na lokacin. Shi da babansa a ɗaya, innarsa da ƙanwarsa Hajara a ɗayan, don in ɗaya ya nitse gida bai ƙare ba. Nasu ya iso. Ɗayan har yau ba wanda ya ga ko katakonsa. Mu dai abin da muka sani tun muna yara shi ne kakarmu ta rasu a hanya.

"Gida bai ƙare ba, gaskiya ne," in ji shi. "Amma da an tambaye ni, jirginsu zan shiga. Na raba ku don kada hanya ta cinye ku tare, ga shi babu hatsari babu komai kun rabu. Yau in zai nitse, ya nitse da mu duka."

Ba mu rungumi juna ba, ba haka gidanmu yake ba. Na tambaye shi ko likita ya gaya masa wani abu ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya ce? Ya gani da idonsa?" Da aka kawo abinci, Yaya ya matso kusa da ni a bakin ƙarfen jirgin, ya rage murya ya ce, "Kai ma ka lura ko loma ɗaya bai kai baki ba?" Na ce na lura. Maganarmu ta farko ke nan cikin shekaru, kuma zargin Baba muke yi tare. A nan na ji cewa shi ma ya girma yana ganin ni ne ɗan so, tun da ni aka bar wa Inna. Muka shirya yadda za mu kai shi asibiti ba tare da ya gane ba. Ya gane, ya ƙi, daga baya ya bi mu. Zarginmu ya tabbata, ciwo ne mai tsanani, kuma ya daɗe da sani.

Ranar jana'iza, bayan an yi masa salla a masallacin unguwa, aka sa shi a motar gawa. Na juya wajen motata ina kiran 'ya'yana maza, hannuna har ya kai aljihu neman makulli, don haka jikina ya saba. Yaya Usman ya riƙe mini hannu ya ce, "Yalla, bar taka a nan." Muka cusa kanmu a tasa, da 'ya'yansa da nawa, wani a kan cinyar wani, muka bi bayan Baba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Haruna, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa. Ka sada shi da innarsa da Hajara da ya yi ta jira a bakin ruwa yana yaro, da Innarmu, a gidan da ba a raba kowa. Mu da ya bari, da 'ya'yanmu da jikokinsa, ka ba mu haƙurin rashinsa, ka riƙe mu wuri ɗaya har ranar da tamu za ta zo. Amin.