Maganar da Yaya Bulus ya faɗa wa baƙo a Kafanchan

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bulus, kuma shekara bakwai ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron masu ilimi su yi mini dariya. Abin da ya tilasta ni yanzu shi ne mahaifiyarmu. Ta tsufa, idonta ya tafi, kuma duk sanda na je gida ƙauyenmu kusa da Kachia, sai ta kama hannuna ta ce, "Dogara, da gaske Bulus bai bar wata magana ba?" Nakan ce bai bari ba. Ƙarya nake yi. Ya bari, ni ne ban tsaya na ji ba.

Yaya kuku ne a gidan wani Bature mai aikin kuza a Jos, ni kuma masinja. A can ya koyi wasan golf, wanda ake buga ɗan ƙwallo da sanda har ya faɗa rami. Ranar da nake magana a kai, muna hanyar zuwa gida, jirgin ƙasa ya sauke mu Kafanchan da hantsi, aka ce lorin Kachia sai bayan azahar. Na ce mu zauna a kan kayanmu kada a sace. Ya ce, "Sarkin damuwa, wa zai saci tsohon bargonka? Tashi in nuna maka wasan manya."

Filin ƙarami ne, a bayan gidajen ma'aikatan jirgi, rami tara. Abin da ake biya bai taka kara ya karya ba, har sanduna ake ba da aro. Kewayen kowane rami babu ciyawa, sai yashi da aka kwaɓa da baƙin mai. Tsohon da ke gadin wurin ya miƙo mana wani buhu ɗaure da igiya, ya ce, "Doka ɗaya ne a nan. Kowa ya jefa ƙwallo a rami, shi ja buhu shi share ƙafan shi, don na baya." Ni ban taɓa iya wasa da doka ba. Na karɓi buhun.

A rami na biyu wani mutum ya same mu, shi ma matafiyi ne mai jiran jirgin kudu, ya roƙi ya bi mu. Dogo ne, da farar riga da hular zanna, kuma bahago. Yaya ya kira shi Malam, ban ji wani suna ba. Su biyu suna buga ƙwallo suna raha, ni nawa yana shiga ciyawa. Amma shara kam na yi ta. Ina ja, ina komawa, in na ga ɗan sawu ya rage sai in sake daga fari. Malam ya ce, "Ƙanen naka ko gwamna ake jira?" Yaya ya ce, "Ƙyale shi. Wannan ko a Sama sai ya tambayi mala'iku ko an kulle ƙofa."

A rami na bakwai dariyar Yaya ta ɗauke. Ya dogara a kan sandarsa ya ce, "Dogara, ajiye buhun nan. Zo, ina da magana." Na ce, "Yaya, bari in gama, tsohon yana kallonmu." Ya dube ni, ya juya. Ina jan buhu a kan sawunsa ina hango su suna tafiya a hankali. Yaya ne ke magana. Malam ya tsaya cak, ya dafa kafaɗarsa, suka daɗe haka. Da na iso da gudu, Yaya ya ce, "Na sauke wa wani. Kai sai mun huta a gida." Malam bai ƙara yin raha ba har jirginsa ya yi kuka, ya yi mana sallama.

A cikin lori na ji kunyar tambaya. A gida kuma baƙi sun cika. Kwana biyu da isarmu, Yaya ya faɗi a gonar citta, kafin a kawo ruwa ya cika. Da na sani ƙeya ce.

Wani lokaci nakan ce ya san yana da ciwo ne. Wani lokaci nakan ce wataƙila yana da ɗa a wani wuri, wanda yanzu ya isa shiga makaranta bai san danginsa ba. Wannan tunanin ne ya fi cin raina. Yau ko a kasuwa na ji ana jan buhu a ƙasa, sai in waiga.

Da Yaya zai dawo, da ya sha mamaki. Motoci sun koma hannun dama, fam da sule sun zama naira da kwabo, jirgin kwal yana ba mai dizal wuri. Na san zai yi dariya ya ce duniya ta koma bahaguwa. Bara na koma filin nan. Ciyawa ta ci gefensa, an noma dawa a wani ɓangaren, tsohon kuma an ce ya rasu. Sai dai inda aka zuba baƙin mai har yanzu ciyawa ba ta fita ba. Na tsaya a rami na bakwai, ban iya taka shi ba.

Yaya bai bar gida ko mata ba. Ya bar wuƙaƙen girkinsa, da Littafi Mai Tsarki wanda manja ya ɓata shafukansa, da sunan tsokana da har yau 'yan'uwa ke kirana da shi. Abin da ya fi duka nauyi yana cikin kan wani mutum wanda mai yiwuwa bai ma san ya mutu ba.

An ce matambayi ba ya ɓata. In akwai wanda ya san wani dogon bahago mai buga golf, wanda ya taɓa jiran jirgin kudu a Kafanchan kafin a canza kuɗi, don Allah ya karanta masa wannan. Malam, in kai ne, rubuto ta hannun editan jaridar nan. Ko maganar mai ɗaci ce, ka faɗa yadda ka ji ta. Ni zan kai wa tsohuwar, muddin maganar ta iso ta same ta da rai.