Baba Sadiƙ da Tsohon Babur ɗin Dokas

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Liman Abaji a Keffi da sassafe ya san abin da Baba Sadiƙ bakanike ke fara fitarwa a rumfarsa. Wani tsohon buhun fulawa ne fari, wanda matarsa Huraira ke wanke masa duk Juma'a. Yakan shimfiɗa shi a ƙasa, ya danne kusurwoyin da duwatsu, ya zuba kalanzir a gwangwani, sannan ya zauna ya sha kokonsa a tsanake kamar babu mai jiransa. Alhali ga 'yan acaɓa uku ko huɗu a tsaye, kowa na duba waya yana tsaki. Shekara arba'in da shida yana haka, sai watan jiya da yanar ido ta sa ya ɗaure kayan aikinsa ya koma gida.

Jinjina na zauna in yi masa, amma sai na fara da ƙorafi, don ban taɓa haɗuwa da mutum mai ban haushi irinsa ba. Ka kai masa babur da 'yar ƙaramar matsala, sai ya kwance wurin ya jera kayan a kan buhun nan daga dama zuwa hagu, noti bayan noti, ya ce ka tsuguna ka kalla. Ka ce kana sauri, ya ce maka ai gareji ya cika garin Keffi. Ni kaina na taɓa tafiya a fusace na rantse ba ni ba shi, bayan kwana tara na dawo ina sosa ƙeya. Amma abin da ya yi mana wasa ne a kan abin da ya yi wa Dokas.

Dokas ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti can bayan Agwada, kuma ita ke kai allurar rigakafi ƙauyukan da ke hayin rafi. Da daminar bara sau biyu wata dattijuwa mai suna Inno ta tara mata matan rugarsu da 'ya'yansu, sau biyun kuma ɗan acaɓan da ta ɗauka ya isa bakin ruwa ya ce shi babur ɗinsa ba zai shiga ba. Matan suka yini a gindin ɗorawa, suka watse. Da suka haɗu a kasuwa, Inno ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: "'Yata, sau ɗaya ya rage mini. In na sake kiransu ba ki zo ba, ko na yi kuka ba mai fitowa."

Albashin Dokas ba zai sayi sabon babur ba, balle irin mai shiga daji. Sai ta tuna da na mahaifinta marigayi Siman, wanda ya yi aikin malamin gona. Dogon babur ne mai tayoyi masu haƙora, wanda a da yaran unguwa ke ce wa Raƙumi. Shekara goma sha takwas yana jingine a ɗakin ajiya, kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinsa, ɓeraye sun cinye kujerar. A watan Fabrairu ta roƙi mai motar doya ya sauke mata shi a gaban rumfar Baba Sadiƙ.

Ya zagaye shi sau biyu, ya shafa salansar ya ce, "Na abokina Siman ne wannan. Ni na yi masa wannan waldar." Da ta miƙa masa ɗan abin da ta tara tana jin nauyi, sai ya ce ta je ta sayo tayoyi da kayan birki sababbi, don a kan waɗannan biyun ba a yin tsimi. "Sauran ki bar mini."

Nan fa aka shiga. Ya yanko soson tsohuwar katifa ya yi matatar iska da shi. Ya ɗinke kujera da guntun tamfol. Ya jiƙa tanki da ruwan tsamiya, ya zuba tsakuwa a ciki yana girgizawa har tsatsar ta fita. A kan fistin ɗin injin guda ɗaya sai da ya yi sawu huɗu wurin 'yan gwangwan, yana tona tarin ƙarafa da hannu, alhali ga wani sabo a shago da zai shiga in an ɗan matsa masa. Ya ce abin da aka matsa wa ya shiga, a daji yake rama wa mutum. Huraira ta gaya mini har tukunyar miyarta ya ɗauka ya dafa sarƙar babur a cikin baƙin mai, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

A ƙarshen Afrilu Raƙumi ya tashi. Bugu ɗaya ya kama, hayaƙi ya turnuƙe rumfa, maƙwabta suka fito suna tafi. Dokas ta zo da murnarta har da sabuwar hular kwano. Ta miƙa hannu ta karɓi makulli, sai Baba Sadiƙ ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa, ya nuna mata buhu.

"Tsuguna, 'yar Siman. Kwance kafiretan nan ki mayar."

"Haba Baba! Ni nas ce fa, ba bakanike ba. Gobe ma ina duti."

"A hayin rafi wane bakanike za ki kira?"

Ta ɗauka wasa ne. Ashe da gaske yake. Duk Asabar sai ta taso tun daga Agwada ta tsuguna a gabansa, ta cire fulogi, ta kwance kafireta mai haɗa wa injin fetur da iska, ta jera ƙananan ƙarafan daga dama zuwa hagu, ta mayar da su daga hagu zuwa dama. In ta tsallake abu ɗaya ba ya faɗa, ba ya nuna mata inda ta ɓata, sai dai ya ce, "Sake." Ran nan wani siririn wosha, ɗan zoben ƙarfe da bai kai ƙwayar gero biyar ba, ya rage a kan buhu bayan ta gama ɗaurewa, ya sa ta warware komai. Ran nan kuma ya kwara mata ruwan buta a hannu ya ce ta yi da jiƙaƙƙun yatsu. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka, aka fara maganar ƙyanda ta ɓulla a wani ƙauye da ke kusa da rugar su Inno, makulli na aljihun dattijo.

A Asabar ta shida haƙurinta ya ƙare. Ta miƙe da hawaye ta ce, "Baba, yara ne fa ke jirana! In wani abu ya same su, wannan woshan naka ne zai amsa?" Mu da ke wurin duk muka goyi bayanta. Na ce masa wannan ai zalunci ne, babur nata, kuɗin taya nata. Huraira ta leƙo daga zaure ta ce ya ji tsoron Allah ya ba yarinya kayanta. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "In yau ta yi sau biyu a jere ba kuskure, ta tafi da shi." Ta share ido ta tsuguna a fusace, ta yi sau biyun. Ta karɓi makulli ba ta ce masa ta gode ba, ni ma a ranar ban ga laifinta ba.

Ranar Talata ta ɗaura akwatin allura mai ƙanƙara a bayan babur ta kama hanya. An kwana ana ruwa, rafin ya kawo fiye da yadda ta zata. Raƙumi ya shiga da ƙarfinsa, ya wuce tsakiya, sai tayar gaba ta faɗa rami, ruwa ya haura injin, ya yi tari ya mutu. Da ƙyar ta tura shi zuwa hayi. Ta buga, shiru. Ta sake bugawa, shiru. Babu kowa, babu sabis a waya, tafiyar ƙasa zuwa rugar ta fi awa uku, rana kuma ta fara zafi a kan akwatin. Ta san in ƙanƙarar ta narke allurar ta lalace, ta kuma san Inno ta riga ta tara mata a gindin ɗorawa.

Ta ce mini da farko zama ta yi ta zagi babur, ta zagi rafi, ta haɗa da mai gyaran a zuciyarta. Daga nan ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa a kan yashi, ta danne kusurwoyin da duwatsu. Ta cire fulogi ta goge, ta buga injin ya feso ruwan da ya sha. Ta matse soson katifar nan. Ta kwance kafireta da jiƙaƙƙun yatsu, ta jera daga dama zuwa hagu, ta zubar da ruwan ciki, ta mayar daga hagu zuwa dama. A bugu na huɗu Raƙumi ya kama. Da ta isa, wasu matan sun fara goya 'ya'yansu za su tafi, Inno na tsaye ta tare hanya da sandarta. Yara talatin da ɗaya aka yi wa allura a ranar.

Asabar ta gaba ta zo rumfa da doya da kaza, ta durƙusa tana ba shi labari. Muka zuba ido muna jiran dattijo ya yi murmushi ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Siririn woshan nan fa, kin mayar?" Ta ce ta mayar. Ya ce, "To, kwance in gani." Wallahi na ji kamar in jefa masa buta.

Baba Sadiƙ, kai ne ka sa muka makara wurin aiki, kai ne ka sa muka tsuguna cikin baƙin mai da fararen kaya. Kai ne kuma ka yarda duk unguwa ta ce maka mugu na mako shida, don kada yarinyar abokinka ta tsaya ita kaɗai a bakin rafi ba ta san inda za ta sa hannu ba. Mai farin buhu, mun yi maka tsaki da yawa, kuma har yanzu ba mu ce ka yi daidai a komai ba, tukunyar Huraira shaida ce. Amma mun gode, Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu sana'a da ke ɓoye wa mutane yadda ake yi don su riƙa dawowa, ku je ku gaishe shi, yana nan zaune a ƙofar gida. Na je shekaranjiya na tarar da Dokas ta riga ni. Ba ya ganin ƙananan ƙarafa yanzu, don haka ita ce a tsugune gaban buhu tana kwance kafireta, tana sa masa kowane ƙarfe a tafin hannu yana shafawa. Da ta gama ta ce, "Baba, ya yi?" Ya ƙara shafa ƙarfen da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ya yi, 'yar Siman."